Sayen jirgin ruwa na hannu ta intanet: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake gane tallan 'yan damfara

Tambayoyin nan kusan kullum iri ɗaya ne mutane ke yi min, wasu kafin su tura kuɗi, wasu kuma bayan aikin gama ya gama, kuma wallahi na biyun nan su ne ke taɓa min zuciya saboda mutum ya daɗe yana tara kuɗinsa da niyyar ya samu jirgin da zai yi sana'a ko ya riƙa fita da iyalinsa, rana ɗaya wani da bai taɓa gani ba ya kwashe. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Hoto ana sata, bidiyo ana sata, takarda ana bugawa, amma ɗan damfara ba zai taɓa iya tsayar da kai a gaban jirgin ba kana karanta lambar jikinsa da idonka tana daidai da ta takarda, sunan da ke takardar kuma shi ne na mutumin da ke tsaye kusa da kai.

Malam, na ga jirgi mai kyau amma kuɗinsa yayi ƙasa sosai. Dole damfara ce?

Ba dole ba, amma ka tsaya tukuna. Kafin ka yi masa magana ka nemo tallan jirage biyar ko shida irinsa, kamfani ɗaya, tsawo ɗaya, shekara kusa da juna, inji iri ɗaya, ka ga inda kasuwa ta tsaya. In ya sauko kaɗan ba komai, akwai mai buƙatar kuɗi da gaggawa, akwai wanda kuɗin ajiye jirgin a tasha ya ishe shi. In kuwa kaga rabin kuɗi ne ga jirgin yana ƙyalli kamar yau aka fito da shi, toh ruwa baya tsami banza. Ka tambayi kanka, mai jirgi irin wannan baida maƙwabci ko ɗaya a tashar da zai saya nan take? Me ya kai shi neman baƙo daga nesa?

Ka lura kuma masu wayon cikinsu yanzu basa karya farashi sosai, suna rage kamar kashi 20 ko 30 cikin ɗari ne kawai, daidai yadda zaka ji kayi sa'a ba tare da ka tsargu ba.

Wane irin labari suka fi bayarwa?

Labarin yana canza riga amma jikinsa ɗaya ne. Wata zata ce mijinta ne ya rasu, ganin jirgin yana tayar mata da hankali so take kawai ya bar gabanta. Wani soja ne za'a tura shi aiki ƙasar waje nan da kwana uku. Wani yana aiki a rijiyar mai a tsakiyar teku babu sabis ɗin waya sai imel. Wani sun rabu da matarsa yana so ya sayar kafin kotu ta raba dukiya. Ka duba da kyau, kowanne labari aiki uku yake yi musu: ya bayyana dalilin araha, ya bayyana dalilin da yasa bazaka ga mutumin ba, sannan ya saka ka gaggawa. Daga nan sai kaji ai jirgin ma an riga an kai shi ma'ajiyar wani kamfanin jigila an naɗe shi, ba'a barin kowa ya shiga, ka biya a kawo maka har ƙofar gida in bai maka ba cikin kwana biyar a maido maka da kuɗinka.

Wani abu da na lura da shi, ka yi masa tambayar da mai jirgi na gaske zai amsa ko daga barci ya tashi, misali yaushe aka canza robar famfon ruwan injin, ko lita nawa tankin yake ci, ko wace irin farfela ce a jiki. Mai jirgi zai cika ka da bayani har ka gaji, don masu jirage suna son zancen jirginsu. Ɗan damfara kuwa tsallake tambayar zai yi ya sake turo maka dogon saƙon nan nasa da aka riga aka rubuta, ya tambaye ka cikakken suna da adireshi.

Yaya zan gane hotunan na sata ne?

Ka sauke hotunan a wayarka ka saka su a Google Lens ko TinEye, su zasu nuna maka sauran wuraren da hoton ya taɓa fitowa. Sau da yawa zaka tarar da jirgin nan dai a tsohon talla na shafukan sayar da jirage irin su YachtWorld ko Boat Trader, a wata ƙasa daban, da wani farashi daban, an sayar da shi shekara biyu da suka wuce. Kar ka gwada hoto ɗaya ka tsaya, gwada duka, saboda suna juya hoto dama ta koma hagu ko su yanke gefensa don kar a kama. Ka kwafi layi ɗaya daga cikin bayanin tallan shima ka nema, yawancinsu ko rubutun basa wahalar da kansu su canza.

Sai kuma ido. Yace jirgin yana gari mai sanyi amma ga itatuwan kwakwa a bayansa. Lambar rajistar da ke gaban jirgin ta wata jiha ce ko an goge ta. A hoto na farko injin baƙi ne, a na shida ya koma fari. Tirelar ƙafa biyu ce a nan, can kuma ƙafa huɗu. Duk waɗannan alamar an haɗo hotunan jirage daban daban ne.

Amma ya turo min bidiyo harda hoton katin shaidarsa da fasfo, wannan bai isa ba?

Bai isa ba 'yar'uwa. Katin da ya turo miki mai yiwuwa na wanda ya damfara kafin ke ne, shi yasa ma nake roƙon mutane kar su tura nasu, domin gobe da sunanki da fuskarki zai cuci wani.

Abinda yake aiki shine kiran bidiyo kai tsaye, kuma ke zaki riƙa bada umarni. Ki ce ya zagaya bayan jirgin, ya kai kyamara kan lambar jiki, ya buɗe murfin injin, ya ɗaga kujerar baya ki ga batir, ya rubuta wata kalma da kika zaɓa a lokacin a takarda ya ɗora a kan sitiyari. Mai jirgi na gaske minti biyar ya gama. Wanda bashi da jirgi kullum kyamararsa a lalace take.

Wace lamba ce wannan da kake ta ambata?

Nan ne nake so a natsu, don nan ne ƙarya ta fi saurin karyewa. Kamar yadda mota take da lambar sasi haka jiragen da kamfanoni ke ƙerawa suke da lambar jiki, ana ce mata HIN. A Amurka doka ta wajabta ta tun 1 ga Nuwamba 1972, harufa da lambobi 12 ne. Wurinta allon bayan jirgi ne, wato inda ake ɗaura inji, can sama ta ɓangaren dama in kana tsaye a baya kana kallon gaba. Ukun farko na kamfanin da ya ƙera ne, hukumar tsaron gaɓar tekun Amurka ce ke rabawa kuma tana da jerin da kowa zai iya dubawa a intanet. Biyar na gaba lambar jirgin ce shi kaɗai. Huɗun ƙarshe kuma, a tsarin da ake bi tun Agusta 1984, lokacin da aka ƙera shi suke nunawa: harafi ɗaya na wata, A Janairu har zuwa L Disamba, sai lamba ɗaya ta ƙarshen shekara, sai biyun ƙarshe shekarar samfurin. Misali in lambar ta ƙare da H819, watan Agusta 2018 kenan, samfurin 2019. Kaga in mai talla yace maka jirgin na 2022 ne alhali lambar tana cewa 19, ba sai an kira kowa ba. Jiragen kasuwar Turai nasu 14 ne saboda an ƙara harufa biyu na ƙasa a farko, kuma tun 1998 suna zuwa da farantin kamfani mai tambarin CE, alamar cewa jirgin ya cika ƙa'idojin Turai.

Toh in kaje gaban jirgin kar ka karanta kawai, ka shafa da yatsa. Akwai wani jirgi da na taɓa rakiyar wani abokina dubawa, komai tsaf, takarda da lamba sun yi daidai, sai da na durƙusa na haska fitilar waya ta gefe na ga wurin lambar ya ɗan fi sauran allon fari, kamar faci mai girman tafin hannu, gefensa yana da ɗan tudu in ka shafa, harufan kuma ba'a layi ɗaya suke ba, biyu sun ɗan karkace. An cike tsohuwar lambar ne an buga sabuwa a kai. Mun yi sallama muka tafi ko ciniki bamu fara ba. In farantin ƙarfe ne aka kafe, ka duba ƙusoshin, sabbi fil a jikin tsohon jirgi ko ramukan tsofaffi a gefe abin tambaya ne. Kuma a tsarin 1984 ɗin nan kamfanoni suna saka lambar a wuri na biyu a ɓoye cikin jirgin, mai duba jirage ya san yadda ake nemo ta, kuma ɓarawo yakan manta da ita.

Kwale-kwalen da aka sassaƙa ko aka haɗa a hannu ba lallai ya zo da irin wannan lambar ba, shi sai dai rajistar hukuma in akwai, da shaidar wanda ya ƙera da mutanen tashar da suka san mai shi.

Injin fa?

Shi ma yana da lambarsa daban, a jikin ƙarfen da ke maƙale shi da allon baya, Yamaha ne ko Mercury ko Suzuki ko Honda ko Tohatsu duk zaka samu. Injin waje ya fi jirgin kansa saurin sacewa don ana kwance shi a ɗauka, saboda haka in kaga an kankare sitikar lambar ko an shafe ta da fenti, ka bar shi komai arahar sa. Ka kai lambar wurin dilan kamfanin ya gaya maka shekara da ƙarfin dokinsa, saboda murfi ana canzawa, a ɗora murfin mai doki 150 a kan inji mai 115. Awowin aiki kuma kar ka yarda da agogon da ke gaban matuƙi, sabbin injina suna ajiye lissafin a kwamfutar cikinsu, makanike zai jona na'ura ya karanto gaskiyar. Wani abu kuma, kamfanin BRP ya daina ƙera injin Evinrude a 2020, don haka wanda yace maka nasa sabon fitowar bana ne ƙarya yake.

Waɗanne takardu zan nema?

Takardar rajista ko ta mallaka, rasit ɗin da ya saya da shi, takardun gyara da na inshora in akwai, da takardar tirela don ita ma tana da nata lambar. Sunan da ke jiki dole ya zama na wanda zaka ba kuɗi. In yace na ƙaninsa ne ko na maigidansa, toh a kira mai sunan ya zo ya sa hannu da kansa.

Abinda mutane suka fi mantawa shine bashi. Jirgi zai iya zama jingina a banki, kuma a ƙasashe da yawa bashin jirgin yake bi ba mutumin ba, ka saya da kuɗinka halal wata rana a zo a ɗauke. Kowace ƙasa da inda ake dubawa. A Amurka jiragen da ke da rajistar tarayya ana neman tarihin mallakarsu a cibiyar rajistar jirage ta hukumar tsaron gaɓar teku, a Ostareliya akwai PPSR, rajistar kadarorin da ke jingina, a Birtaniya kuma rajistar kashi na ɗaya ce ke nuna jingina, ita rajistar ƙananan jirage da ake ce wa SSR ba hujjar mallaka bace ko kaɗan. Ka tambayi hukumar da ke rajistar jirage a inda jirgin yake, da lambar da kai ka nemo ba wadda mai sayarwa ya baka ba.

Yace mutum uku na layi, in tura kafin alƙalami ya riƙe min. In tura?

A'a. Kafin alƙalami bayan gani yake zuwa. Wasu ma basu da niyyar karɓar kuɗin jirgin gaba ɗaya, ɗan wannan na riƙewar suke tarawa daga mutum talatin ko arba'in su goge tallan. A cinikin gaskiya ta hannun dillali an saba ajiye kashi 10 cikin ɗari, amma sai an rubuta yarjejeniya, kuɗin yana zama a asusun amana, kuma a rubuce yake cewa in dubawa ko gwajin ruwa ya nuna matsala za'a maido maka. In wani ya riga ka saya, jirage basu ƙare ba.

Yace mu bi ta kamfanin da ke riƙe kuɗi a tsakani har sai kaya ya iso. Ai wannan kariya ce ko?

Tsarin kansa na gaske ne, akwai kamfanoni masu lasisi da ke yinsa irin su Escrow.com. Matsalar ita ce wa ya zaɓi kamfanin. In shi ne ya turo maka linki, toh sau da yawa shafin nasa ne, ya gina shi da tambari mai kyau da hoton manyan motoci da lambar bin sawun kaya wadda kullum take nuna jirginka yana hanya. Ka saka sunan shafin a WHOIS, wato inda ake duba bayanan rajistar shafukan intanet, ka ga ranar da aka yi rajistarsa, kamfanin da ke cewa ya shekara ashirin yana aiki sai kaga shafinsa sati uku ne da buɗewa. Ka karanta adireshin harafi bayan harafi, suna ƙara ɗan layi ko su canza harafi ɗaya. Akwai kuma masu turo imel da tambarin eBay suna cewa eBay ce zata riƙe kuɗin, alhali tallan a Facebook ko Craigslist ka gani, eBay bata da hannu a cinikin da ba'a shafinta akayi ba. Ka ce masa kai zaka zaɓi kamfanin, ka ga yadda zai yi.

Ta wace hanya ce bai kamata in biya ba?

Western Union, MoneyGram, katin kyauta da ake kankarewa a turo lambar, da kirifto. Duk abinda ya haɗa su shine in kuɗi ya fita kusan baya dawowa. Ba ƙaramin abu bane, a Janairu 2017 Western Union ta amince ta biya dala miliyan 586 a sulhu da hukumomin Amurka kan yadda 'yan damfara suka riƙa amfani da hanyarta. PayPal kuma mutane suna ɗauka kariya ce, amma in ka tura ta zaɓin 'yan'uwa da abokai babu kariya sam, kuma ko ta zaɓin sayen kaya ka bi, ababen hawa harda jiragen ruwa basa cikin abinda suke karewa. Wanda ya fi shine taransifa ta banki zuwa asusu mai sunan da ke kan takardar jirgin, ranar da kuke tare, ana sa hannu ana miƙa makulli.

Ko da dillali na gaske kake ciniki, in imel ya zo maka ana gobe biya cewa an canza lambar asusu, dan Allah kar ka tura. Ka kira shi a lambar da kuka saba magana ka karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, domin ana shiga imel ɗin dillalai a zauna shiru ana karanta cinikin har ranar biya.

Jirgin yana nesa, bazan iya zuwa ba.

Zuwa da kai ya fi aike, amma in bai yiwu ba ka ɗauki ƙwararren mai duba jirage a garin, wanda kai ka nemo kai kake biya, ba wanda mai sayarwa ya haɗa ka da shi ba. Akwai ƙungiyoyinsu da zaka duba sunan mutum a ciki, kamar SAMS da NAMS a Amurka da kuma IIMS ta ƙasa da ƙasa. Ko kafin nan ma ka kira ofishin tashar da akace jirgin yana ajiye ka tambaya ko suna da jirgi mai wannan sunan kuma ko na sayarwa ne. Kira ɗaya ne.

Naje na gani, jirgin na nan, mai shi na gaske ne. Shikenan na tsira?

Ka tsira daga mai sayar da iska, saura mai ɓoye aibi. Bayan kowace babbar guguwa jiragen da suka nutse suna dawowa kasuwa an wanke an goge, guguwar Sandy kaɗai a 2012 ƙungiyar masu jirage ta Amurka, BoatUS, ta ƙiyasta ta lalata jiragen shaƙatawa sama da 65,000, irin waɗannan wasu ana sayensu a gwanjon inshora a yi musu kwalliya a kai wani gari. Ka leƙa inda mai wanki baya kaiwa: ƙarƙashin allon sitiyari, bayan tanki, cikin akwatin fiyus. Layin laka a bango, wayoyi sun yi kore, warin ruma, sabon kafet a tsohon jirgi.

Ka taka ko'ina a daɓen jirgin, in wani wuri yana lotsawa katakon ciki ya ruɓe. Ka ƙwanƙwasa allon baya da ƙotar sukundireba, mai lafiya ƙara mai kaifi yake bayarwa, wanda ya sha ruwa kuma sai kaji dum dum. Ka ɗaga injin ka danna ƙafarsa da ƙarfi kana kallon allon, bai kamata ya motsa ba. Ka ce a ɗan sassauta ƙusar man giya ta ƙasa, in man ya fito fari-fari kamar an dama shi toh ruwa na shiga. Ka dafa injin da hannu da isarka, in da ɗumi an riga an tayar da shi kafin ka zo, ka nemi a tayar maka da shi a sanyi wata rana. Makanike ya auna matsin kowace silinda, yawancinsu basa son bambancin ya wuce kamar kashi 10 cikin ɗari. Sannan a sa shi a ruwa a taka shi sosai na ɗan lokaci, tayar da inji a kan tirela da tiyo baya nuna yadda zai yi in ya ɗauki nauyi. Wanda ya hana ka gwajin ruwa ya san abinda ruwan zai faɗa maka.

Na riga na tura kuɗin, yanzu wayarsa a kashe. Me zan yi?

Allah ya mayar maka da alheri ɗan'uwa, kuma kar kunya ta sa kayi shiru, mutanen nan sana'arsu kenan dare da rana, sun cuci masu ilimi da 'yan kasuwa da tsofaffin matuƙa. Yanzu yanzu ka kira bankinka ka ce damfara ce a nemi tsayar da kuɗin ko a dawo da shi, awannin farko su ne masu muhimmanci kafin su kwashe zuwa wani asusun. In katin kyauta ne ka kira kamfanin katin da rasit a hannunka. Ka ɗauki sikirinshot na tallan da duk hirarku da lambar asusun da lambar wayar kafin ya goge, ka kai rahoto wurin 'yan sanda da shafin da ka ga tallan, in abin ya shafi Amurka kuma akwai IC3, cibiyar karɓar ƙorafin laifukan intanet ta hukumar FBI. In ka tura masa hoton katinka ko fasfo ka sanar da banki da hukumar da ta baka.

Kar ka ƙara ko kwabo in sun dawo da zancen kuɗin kwastan ko inshorar hanya da wai za'a maido maka in jirgi ya iso, babu jirgin da ke hanya. Bayan sati ɗaya ko biyu kuma akwai yiwuwar wani ya kira ka yace shi lauya ne ko jami'i ko ƙwararren kwamfuta, ya san sunanka ya san nawa ka rasa, zai ƙwato maka kuɗin in ka biya ɗan kuɗin aiki. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa lambarka. Ka katse kiran ka ƙara lambar tasa a cikin rahoton da ka kai.